Taƙaitawa: harbin macen dabba ko namiji

Jama'ar Zangon Kumasi, muhawarar da ake yi kan ko macen dabba ko namiji ya kamata mafarauci ya harba ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. An yarda cewa a Amurka da gangan hukumomi ke ba da izinin harbin matan barewa. Dabbobin sun yi yawa, suna cin gonaki, suna jawo haɗari a kan titi. Namiji ɗaya yana iya barbarar mata da dama, don haka kashe maza ba ya rage garke.

2. Wannan hujjar ce aka juya mana a nan. Mazo da gada raguwa suke yi a dazukan Ghana. Macen mazo ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na kusan wata 6, wanda ya harbe ta ya kashe har da na baɗi. Mafi yawa sun ce a bar ta, ni ma nan na tsaya.

3. Nama: an ce na mace ya fi taushi, ba shi da warin namiji. Masu sayayya a Atwemonom, kasuwar naman daji ta Kumasi, suka ce idan an yi bandarsa ba mai bambancewa.

4. Wahalar farauta ta raba kawuna. Wasu sun ce mace mai ɗa ta fi tsarguwa, motsi kaɗan ta ɓace. Dattawa suka ce tsohon namiji ya fi wayo, kuma ya fi haɗari idan ya ji rauni. Gane su da sauƙi, macen mazo ba ta da ƙaho.

5. Doka: daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta, sai gyazbi, wato akrantie, shi ma da lasisi.