Neman shawara: Corolla 2010 ko Camry 2008, kuma shin Toyota ta cancanci yabon da ake mata?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. Zan sayi wadda zan riƙa zuwa aiki da ita cikin gari, sai kuma tafiya tsakanin Zariya da Kano a ƙarshen mako. An nuna mini guda biyu, duka 'yan Kwatano daga Amurka, kuɗinsu kusan ɗaya: Corolla 2010 mai inji 1.8, da Camry 2008 mai inji 2.4, wadda ake kira Muscle. Kowa cewa yake in dai Toyota ce in rufe ido in biya, ba ta lalacewa. Gaskiya ne ko suna ne kawai? Wace ce za ta fi yi mini sauƙin riƙo, kuma me zan sa a duba kafin in ba da kuɗi?

Ma'abocin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malama. Sunan yana da tushe, kuma sanin tushen zai taimaka miki wajen zaɓi. Asalin gidan masaƙa ne. Sakichi Toyoda ya ƙera injin saƙa a 1924 wanda yake tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin ƙera injin a kan fam 100,000. Ɗansa Kiichiro ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin masaƙar a 1933, motarsu ta farko ta ɗaukar mutane, Model AA, ta fito a 1936, sannan Toyota ta tsaya da ƙafarta a 1937.

A 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa, aka yi yajin aiki, aka sallami ma'aikata, Kiichiro ya ajiye muƙaminsa. Rashin kuɗin nan ne ya tilasta musu tsarin da Taiichi Ohno ya jagoranta: ba a tara kayan da ba a buƙata, kuma duk ma'aikacin da ya ga kuskure yana da ikon jan igiya a tsayar da layin haɗa mota har a gano dalili. Dabarar injin saƙar ce aka kawo masana'antar mota. Abu na biyu shi ne ba sa gaggawar sauya abin da ya yi aiki. Corolla ta fara fitowa a 1966, zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50, kuma irin wadda aka nuna miki har lokacin tana ɗauke da giyabos mai gudu huɗu alhali wasu kamfanoni sun koma biyar da shida. Ƙarancin sarƙaƙiya yana rage abin da zai lalace.

Sai dai ki lura da abu ɗaya game da gamsuwar masu motocin. Binciken ingancin motoci da Consumer Reports da J.D. Power suke yi a Amurka ya sha sanya Toyota da Lexus a sahun gaba, wannan haka yake. Amma na J.D. Power kan ƙarko masu motar da ta shekara uku ake tambaya. Taki ta haura shekara goma sha biyar, ta wuce hannun mutanen da ba ki sani ba, ta haye teku. Kuma kamfanin ya yi tuntuɓe: a 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa da tabarmar ƙafa da ke danne shi, shugabansa na lokacin, Akio Toyoda, ya bayyana gaban majalisar dokokin Amurka a Fabrairun 2010, a 2014 kuma suka biya tarar dala biliyan 1.2. Duka motocin biyu da kike dubawa suna cikin shekarun da abin ya shafa.

Oga Bakanike:
Hajiya, ki ɗauki Corolla ɗin. Dalilin yana cikin injin.

Camry 2007 zuwa 2009 mai 2.4 injinta 2AZ-FE ne, kuma an san shi da shan baƙin mai. Ringin da ke share mai daga jikin silinda yana toshewa da dauɗar mai, ƙananan ramukan da man ke bi ya koma ƙasa su cushe, sai man ya haura ya ƙone tare da fetur. Toyota da kanta ta amince da matsalar, ta tsawaita garanti, ta ce duk injin da ya sha kusan lita 1 a cikin kilomita 1,900 a canza masa fistin da ringi. Wa'adin wannan gyaran kyauta ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya sa yake yaudara shi ne sau da yawa ba ya yin hayaƙin da za ki gani, domin abin tace hayaƙin salansa, wanda ake kira indomi, yana ƙone shi. Injin lita 4.3 na baƙin mai yake ɗauka. Idan kika jira sai ranar sabis kafin a duba, za a tarar saura lita ɗaya ko biyu, daga nan kuma sai metal ya fara buga ƙara. Gyaran gaskiya sai an sauke inji, an sa sabon fistin da ringi. Canza ringi kaɗai a bar tsohon fistin yakan dawo da matsalar.

Wani ciwon na wannan Camry shi ne dashbod ɗinta yana narkewa a rana, ya yi danƙo, ya riƙa ƙyalli a gilashi. A zafinmu kuwa ba sai an faɗa ba.

Corolla 2010 injinta 2ZR-FE ne, sarƙa gare shi maimakon bel ɗin tayimin, don haka babu maganar canza bel. Lita 4.2 yake ɗauka tare da filta. Inda yake da rauni famfon ruwa ne: a haska tocila gefen injin ta wajen fanbel, in an ga busasshen abu mai ruwan hoda kamar gishiri, famfon ya fara yoyo. Aikin awa biyu ne ko uku, ba ya tayar da hankali in an yi shi da wuri. Wasunsu kuma suna yin ƙarar karkarwa ta daƙiƙa ɗaya ko biyu in aka tayar da su da safe, daga giyar VVT-i take fitowa, wato tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul. Ki tabbatar ba samfurin XRS ba ce, domin ita wannan 2AZ-FE ɗin ne a cikinta.

In kuma girman Camry ne ya shiga ranki, ki ƙara kuɗi ki nemi 2010 ko 2011. Jiki ɗaya ne, amma injin 2AR-FE ne mai 2.5, da giya shida.

Dillali Mai Gaskiya:
Oga, ban ƙi taka ba, amma ba kowace Muscle ce ke shan mai ba, akwai waɗanda aka yi wa wancan gyaran tun a Amurka. Kuma a hanyar Zariya zuwa Kano Camry ta fi zama daram, ta fi faɗin kujerar baya. Malama, ga lissafin fetur yadda yake a takardar Amurka: Corolla wajen lita 9 a kilomita 100 cikin gari, lita 7 a babbar hanya. Camry lita 11 da ɗoriya cikin gari, kusan 7 da rabi a hanya. Tankin Corolla lita 50, na Camry 70. A tafiya mai nisa bambancin kaɗan ne, a cikin gari ne za ki ji shi a jaka.

Kafin komai ki karanta lambar jikin mota, mai haruffa da lambobi 17, a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ki kwatanta da wadda ke kan ginshiƙin ƙofa da ta takardun kwastam. Dole su zama ɗaya. Wadda ta fara da J a Japan aka haɗa ta, 2T1 Kanada, 1NX Kalifoniya, 4T1 kuma Camry ce ta masana'antar Georgetown da ke Kentucky. Da wannan lambar za ki sayi rahoton Carfax, wato tarihin motar a Amurka, ki ga ko ta yi haɗari, ko ambaliya ta taɓa ta, da kilomitan da aka rubuta mata na ƙarshe, domin ana mayar da mita baya. A shafin NHTSA kuma, hukumar kula da amincin motoci ta Amurka, kyauta za ki ga ko akwai gyaran da kamfani ya kira a yi mata wanda ba a yi ba tukuna, irin na jakar iska mai lahani ta kamfanin Takata, wadda ta shafi Corolla ta waɗannan shekarun.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga, a ranar duba motar ta yaya za a gane mai shan mai tunda ba ta hayaƙi? Sannan an ce mini da na saya in sa a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, a zuba mai kauri 20W-50 saboda zafin ƙasarmu.

Oga Bakanike:
Ki sa a bar motar ta kwana ba a tayar ba, ki iso da naki bakaniken da safe. Ya taɓa injin ya ji da sanyi. Duk mai sayarwar da ya riga ku ɗumama ta, akwai abin tambaya. A zaro sandar awon mai, a buɗe murfin zuba mai a leƙa: baƙin kitse da ya daskare alamar ba a yi mata sabis a kan lokaci, fari-fari kamar madara kuma ruwa ne ya shiga mai, gaskit ya ƙone. Sai a kwance filogi huɗun. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne, a bushe. Wanda ya tara toka mai kauri ko ya jiƙe da mai ya tona asirin silindarsa. In filogin sababbi ne fil a tsohuwar mota, a zura 'yar kyamara ta ramin a ga kan fistin. A sa yatsa a bakin salansa bayan ta huce, baƙi mai maiƙo ba alheri ba ne. A auna matsin kowace silinda, kada wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Duk da haka babu awon rana ɗaya da ke ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, shi ya sa na ce ki kauce wa injin 2AZ-FE gaba ɗaya.

Maganar tamostat kuwa, don Allah kada ki yarda. Yana buɗewa ne a wajen digiri 82. In aka cire shi injin yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta ci gaba da ƙara fetur. Fetur ɗin da ya yi yawa yana wanke man jikin silinda, ya sirka baƙin mai, ya kashe indomi. Fankar da ke juyawa ba hutawa kuma injin lantarkin da ke juya ta ne zai ƙone. Motar da ke tafasa tana da dalili: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfo ya mutu, ko fanka ba ta tashi. Shi za a nema. A daina zuba ruwan rijiya ko na famfo, yana sa tsatsa da ƙanzo. Ruwan Toyota mai ruwan hoda a haɗe yake zuwa, ba a ƙara masa komai, ana canza shi duk kilomita 80,000 bayan zubin farko.

Mai Kayan Gyara:
Ni a kan mai zan tsaya, domin nan ne aka fi kashe waɗannan injuna. Abin da ke rubuce a murfin 2ZR-FE shi ne 0W-20 ko 5W-20. A injin da ya yi tafiya mai yawa, a yanayi irin namu, 5W-30 mai kyau ba laifi. Amma 20W-50 ya yi kauri: tsarin VVT-i da matsin mai yake aiki ta hanyoyi sirara, da safe man ba ya isa sama da wuri, ƙarar da Oga ya ambata ta ƙaru, shan fetur ma haka. Saboda ƙura da cunkoso a canza duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa.

Filtar man wannan Corolla ta takarda ce da ake sawa cikin murfin roba. Akwai sifana ta musamman mai milimita 64 da ake kwance shi da ita. In aka sa guduma da kurfi murfin zai tsage. A canza zoben robar da ke zuwa cikin kwalin kowane lokaci, a shafa masa ɗan mai, kada a ɗaure fiye da ƙima. Filoginta Denso SC20HR11 ne, kuma jabunsa ya cika kasuwa, daga Ƙofar Ruwa har Panteka akwai na gaske akwai na bogi. Wanda aka ba ki a rabin kuɗi ki ajiye shi, domin yana narkewa ya kashe koyil. Man giya kuma irin na Toyota mai suna WS take sha, a karanta abin da ke jikin sandar awon giyar. Jan man Dexron da ake zuba wa kowace mota yana sa giya fizga. Kada a wanke giyar da injin matsi. A sauke abin da ya fito, a auna shi, a mayar da daidai wannan adadin.

Mai Wayarin:
Ƙari kaɗan, Malama. Ki murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ki ga wutar cek, ta ABS da ta jakar iska duk sun kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta. A jona na'urar OBD, mai karanta kwamfutar mota. Ko ba ta nuna lambar matsala ba, a duba ko gwaje-gwajen kwamfutar sun kammala. In yawancinsu ba su kammala ba, goge laifin aka yi kwanan nan. P0420 na nufin indomi ya mutu ko an fasa an kwashe, don haka a leƙa ƙasa a ga ko akwai sabuwar walda a salansa. P0171 kuma iska ce ke shiga ta inda bai dace ba, ko na'urar awon iska ta yi ƙura, ana wanke ta da feshinta na musamman, ba da fetur ba.

Sitiyarin Corolla 2010 na lantarki ne, babu man da za a duba, amma yana son batir da altaneto masu lafiya: batir ya nuna wajen bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. A ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar gaba da ramin safaya taya. Yashi, tsatsa a ƙusoshin kujera ko koren abu a bakin soket alamar ruwa ya kwana a ciki ne, irin wannan ko an rage miki kuɗi ki bar ta. In duk ta tsallake, ku hau babbar hanya na minti ashirin da esi a kunne, ku ji yadda giya ke shiga daga ɗaya zuwa huɗu, allurar zafi kuma ta tsaya ƙasa da rabi kaɗan, ba ta hawa ba ta sauka.