Busar algaita a bakin 'yan badujala: wa ya taɓa gwadawa?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ni malamin kiɗa ne a wata sakandare a nan Kumasi, ina kuma rubuta wa 'yan badujala sababbin kiɗe-kiɗe. Abincina daga makaranta yake fitowa. Rubutun kuwa sai an doshi faretin 6 ga Maris na ranar 'yancin Ghana, ko wata ƙungiya ta samu jana'izar Asabar tana son abin da kunne bai saba ji ba. Bana na ɗauko wata busar algaita da nake ji tun ina yaro ranar Salla a Zongo, na rarraba ta ga kayan busa. A MuseScore, manhajar rubuta kiɗa ta kwamfuta, ta fito tsaf. Da muka zo gwaji, masu taramfet numfashi ya ƙare musu tun ba a je ko'ina ba, sautin kuma ya yi laushi, babu kaifin nan na algaita. Wa ya taɓa yin irin wannan? Sai batun kuɗi: duk wanda na ba takarda, kafin ka ce kwabo an yi fotokofinta ta zaga gari.

Tsohon Kofur:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi aikin busa da kaki a jikina har na yi ritaya, don haka saurara. Mai algaita ba ya tsayawa shan iska. Kumatunsa yake cikawa, yana tura ta cikin algaita yana jan wata ta hanci. Yaron sakandare ba zai iya wannan ba, kada ka wahalar da su. Ka ba mutum biyu layin busar, ɗaya ya shigo kafin ɗaya ya saki, mai sauraro ba zai ji gaɓar ba. Sannan ka ɗauke shi daga taramfet gaba ɗaya. A kayan busar Turawa obo ce 'yar uwar algaita, dukansu harshe biyu gare su a bakin busa, amma ina za ka samu obo a badujalar makaranta? Sakso sofurano ko kilarinet za su yi. Masu taramfet ka ba su aikin kakaki, sauti biyu kacal, su tsaga shi da ƙarfi su yi shiru.

Abin da ya fi duk wannan: algaita ba ta zama daidai kan maɓallan fiyano, tana gogawa tsakani. Kwamfuta ta miƙe maka ita, shi ya sa ta yi lami. Ka kawo mai algaita wurin gwaji yaran su ji da kunnensu. Ephraim Amu ma, shahararren marubucin kiɗan Ghana, sai da ya koyi sarewar atenteben a hannun masu ita kafin ya gyara ta ya rubuta mata kiɗa.

'Yar Nima:
Malam, ƙanena yana busa a nan Accra, na san zancen fotokofin nan. Doka tana nan, ta haƙƙin mallaka ta 2005, GHAMRO, ƙungiyar haƙƙin kiɗa ta Ghana, ita ce kuma ke karɓar kuɗi a madadin masu kiɗa, ka yi rajista. Amma wa zai tsaya a filin jana'iza yana rubuta kiɗan da aka busa? Ka karɓi rabin kuɗinka kafin ka ɗora alƙalami, sauran ranar da za ka miƙa takardu. Ka kuma leƙa Takoradi da Winneba tun Oktoba. 'Yan badujalar da ke rakiyar 'yan dodo, masu fitowa da fuska a rufe a bukukuwan Kirsimeti da 1 ga Janairu a can, kowa so yake ya zo da abin da abokin hamayya bai da shi.

Jikan Makaɗa:
Duk kun tsallake babban abu. Wace busa ce ka ɗauko? In taken wani sarki ne, ba naka ba ne, ba na GHAMRO ba ne. Take sunan mutum ne da na kakanninsa. Ka sayar, gobe a busa shi a bayan akwatin gawa ana rawa ana shaye-shaye, ka ce wa fada me? Je ka gaida masu algaitar da goro, ka tambaya tukun.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai. Baba Jikan Makaɗa, a jina busar tafiya ce da suke yi a hanyar dawowa daga idi, amma zan kai wa tsohon da ke busa ta ya saurara ranar Juma'a bayan masallaci, in ya yarda in roƙe shi ya zo gwajin. Baba Kofur, sofurano ɗaya muke da ita, kilarinet uku. In haɗa sofurano da kilarinet su riƙa karɓa-karɓa, ko bambancin muryarsu zai tona gaɓar?