Sauya firosesa don wasan kwamfuta: abin da masana suka tsaya a kai

Shin sauya firosesa (CPU, ƙwaƙwalwar kwamfuta) zai ƙara wa wasa sauri? Yawancin masanan da suka tattauna batun sun ce kada a taɓa aljihu sai an gwada. A kunna MSI Afterburner, manhajar da ke nuna yawan aikin da katin hoto (GPU) ke yi, ana cikin wasa. In katin hoto yana aiki kashi 97 zuwa 99, shi ne ya kai iyakarsa, sabuwar firosesa ba za ta ƙara komai ba. In kuwa yana yawo a kashi 60 ko 70, hoto na sarƙewa a wurin da mutane suka yi yawa a cikin wasan, to firosesa ce. Wata dabarar: a sauke ƙudurin allo (yawan ɗigon da ke cikin hoto) daga 1440p zuwa 720p. In yawan firem (hotunan da wasan ke fitarwa a daƙiƙa) bai motsa ba, an kama mai laifi: firosesa ce.

Mai madabod (babban allon da ake haɗa kayan kwamfuta a kai) mai mazaunin firosesa AM4 na kamfanin AMD shi ya fi sa'a. Daga Ryzen 5 2600 zai iya hawa Ryzen 7 5800X3D ta 2022, mai ma'ajiyar L3 (ma'ajiya mai sauri a cikin firosesa) ta 96MB, ba tare da ya sauya RAM ba. Komawa AM5, mazaunin da ya gaji AM4, kuwa sai sabon madabod da RAM nau'in DDR5, kuɗin ya ƙaru.

Don kauce wa ɓarna: sai a sabunta BIOS (manhajar da ke cikin madabod) tun tsohuwar firosesa na ciki, kuma a kan UPS, don ɗaukewar wuta a tsakiya kan kashe madabod. Ita 5800X3D ba ta zuwa da fankar sanyaya firosesa, a sa kuɗin fankar cikin lissafi. Kafin cire tsohuwar fanka a bar injin ya ɗan yi ɗumi, a murɗa ta a hankali. In an fizge, firosesa kan biyo ta, ƙafafunta su lanƙwashe.