Muhawara: Shin gado ne ya raba al'ummomi a gwajin basira, kamar yadda Jensen ya yi zato?

Malam Sani: Assalamu alaikum. A 1969 Arthur Jensen, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya, ya rubuta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin basira tsakanin mutane gado ne, kuma mai yiwuwa ƙwayoyin halitta suna da hannu a tazarar maki 15 da ake samu a lokacin tsakanin baƙaƙe da fararen Amurka a gwajin IQ, wato gwajin auna basira. An yi masa ca, amma a ganina tsangwama ba amsa ba ce, tunda binciken tagwayen da aka raba tun suna ƙanana ya nuna ƙarfin gado.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam, Malam. Ba na musun ƙarfin gado, sai dai tagwaye suna ba mu labarin bambanci a cikin al'umma ɗaya ne kawai. Richard Lewontin, masanin ƙwayoyin halitta, ya amsa wa Jensen a 1970 da misalin iri: ka ɗebo daga buhu ɗaya, ka shuka rabi a ƙasa mai taki, rabi a fako. A kowace gona, bambancin tsayin karan daga iri yake, amma tazarar da ke tsakanin gonakin biyu gaba ɗayanta daga ƙasa take.

Malam Sani: Hajiya, misalin ya nuna abin da zai iya faruwa, bai nuna abin da ya faru ba.

Dakta Habu: To ga abin da ya faru, Malam. James Flynn, mai bincike kan gwajin basira, ya gano cewa makin IQ ya riƙa hawa da kusan uku a kowace shekara goma a ƙarni na 20, saurin da ƙwayoyin halitta ba za su iya yi ba. Shi da masanin tattalin arziki William Dickens sun kuma nuna a 2006 cewa tazarar kanta tsakanin baƙaƙe da farare ta ragu tsakanin 1972 da 2002.

Malam Sani: Ta ragu, Dakta, amma ba ta rufe ba.

Hajiya Binta: Gaskiya ne, kuma talauci da wariya ma ba su kau ba. Eric Turkheimer, masanin halayyar ɗan Adam, ya gano a 2003 cewa a gidajen matalautan Amurka tasirin gado a makin yara ya kusa ɓacewa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Jensen ya buɗe rubutunsa da cewa shirye-shiryen tallafa wa karatun yaran talakawa sun gaza, alhali a lokacin shirin Head Start, wanda gwamnatin Amurka ta kafa domin irin waɗannan yaran, bai fi shekara huɗu da farawa ba.