Famasis a ƙasashen Larabawa: ma'aikacin lafiya ne ko mai shago?

Malam Lawal: Jama'a, ni ina nan kan bakana: famasis, wato masanin magunguna, mai shago ne kawai. A ƙasashen Larabawa yaro zai yi shekara biyar ko shida ana ɗura masa ilimin magunguna, ƙarshenta ya tsaya bayan kanta yana miƙa man shafawa. Duk wanda ya je Umara ya shiga manyan shagunan magani na Nahdi ko Al-Dawaa ya gani, turare da kayan kwalliya sun cinye gaban shago, magani yana can ƙurya. Ina amfanin dogon karatun?

Hajiya Binta: Malam, ai a wannan ƙuryar aikin yake. Tun 2018 Saudiyya ta tsaurara dokar hana sayar da antibayotik ba takardar likita, tararta tana kaiwa riyal 100,000, har lasisi ana iya ƙwacewa. Alhaji ya kwaso tari a Makka, ya je ya ce a ba shi antibayotik ɗin Augmentin, famasis ya nemi takarda, babu, sai ya ba shi na tsotsa da farasitamol ya ce ya ga likita. Wane mai shago ne ciniki zai zo masa ya mayar da shi?

Malam Lawal: Tsoron tara ne wannan, Hajiya. Kafin 2018 ba su da digirin ne?

Abdul daga Alƙahira: Baba Lawal, a nan ka taɓo gaskiya, amma Masar ya kamata ka kawo misali da ita. Tun 1827 ake koyar da haɗa magunguna a ƙasar nan, zamanin Muhammad Ali, a makarantar Abu Za'abal da daga baya aka mayar da ita Kasrul Aini. Daga 2019 kuma aka koma tsarin digirin famasi na PharmD, shekara biyar a aji, ta shida horo. Sai dai jami'o'i masu zaman kansu sun yi ta buɗe tsangayar famasi, ana ta yaye ɗalibai, asibitoci ba su da gurbin ɗaukarsu. A layi ɗaya za ka ga famasi kusa da famasi. Ka buga waya, yaro ya kawo maka magani a babur har ƙofar gida. Wanda ya ce sai da takarda, na kusa da shi zai sayar.

Hajiya Binta: To ka ga kenan laifin ba na karatun ba ne, yawa ne ya karya darajar.

Abdul daga Alƙahira: Haka ne, Hajiya. Kuma talakan Masar famasis ne likitansa na farko. Nan zai je a gwada masa hawan jini, a yi masa allura, a ce masa wannan ciwon ya fi ƙarfin shago. A asibitin kansar yara na 57357 kuwa, famasis yana cikin masu duba maganin kowane yaro, ana lissafa shi da nauyinsa da ƙarfin ƙodarsa. Kuskure kaɗan a nan rai ne.

Malam Lawal: Asibiti nawa ne irin wannan, Abdul? Ɗaya ka ambata. Sauran dubban fa?

Anti Rabi: Ku bar ni in sa baki. Ba a haɗa Larabawa a kwando ɗaya. Katar ta buɗe kwalejin famasi a jami'arta aka auna ta da ma'aunin Kanada, PharmD ɗin jami'ar LAU ta Labanan hukumar Amurka ce ta amince da shi. Sudan kuwa, inda yaranmu da yawa suka yi karatu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa jami'o'in Khartum. Yanzu da wace ƙasa za mu yi hukunci?

Malam Lawal: Da wadda ta fi yawan famasis, kuma ɗan'uwanmu da ke can ya faɗa da bakinsa abin da akasarinsu ke yi.

Anti Rabi: Kuma duk da haka ka tura ɗanka can!

Malam Lawal: Likitanci na tura shi, Rabi.

Abdul daga Alƙahira: Baba, kada ka hana ƙannena. Su dai tabbatar jami'ar tana da asibitin da za su yi horo, kuma su sani in sun dawo gida sai sun bi ta kwas da jarrabawar PCN, hukumar kula da famasis ta Najeriya, ta waɗanda suka yi karatu a waje kafin a ba su lasisi.