Wa ya taɓa ƙona TTIP yana neman anatas sai rutil ya fito masa?

Bakatsine:
Salam 'yan'uwa masu aiki da harshen wuta a lab. Sati uku ke nan ina fesa TTIP (ruwan sinadari mai ɗauke da titaniyom) cikin wuta ina son garin titaniya anatas zalla ba rutil ba (anatas da rutil siffofin kiristal ne guda biyu na titaniya), amma duk sanda na kai XRD, gwajin X-ray da ke nuna siffar kiristal, sai in ga tsinin rutil a kusurwar digiri 27.4 ya miƙe, na anatas a 25.3 yana nan amma ya rage tsawo. Mililita 5 a minti nake turawa da sirinji, oksijin ɗin fesawa kuma na rage shi zuwa lita 3 a minti don silindarmu ta kusa ƙarewa. Garin ma ba fari fat ba ne, akwai ɗan shuɗi-shuɗi a kan filta. Don Allah duk wanda ya taɓa shiga wannan halin ya faɗa min yadda ya fita, abin ya hana ni barci.

Bazazzagiya:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Shuɗin nan da ka gani shi ne amsarka wallahi. Ni ma na yi shi a shekarata ta farko, na ɓare filta na ga garin kamar auduga amma da launin sararin sama, har na ɗauka datti ne, ashe wutar ce ba ta ƙoshi da oksijin ba sai kiristal ɗin ya fito da guraben oksijin a jikinsa, su kuma guraben nan su ke sauƙaƙa masa juyewa zuwa rutil. Na koma mililita 5 na ruwan da lita 5 na oksijin a minti, na ƙara oksijin na kewaye da wutar, gari ya fito fari tas, anatas ya rinjaya. Ka nemi sabuwar silinda kawai, tsimin nan asarar samfur yake ja maka.

Ɗan Maraɗi:
Nawa daban ne. Oksijin ɗina lafiya lau, amma na kifa wa wutar bututun gilashin kwats don kar gari ya riƙa watsewa, ban lura na tare iskar ɗaki da take shiga tana sanyaya ta ba, ƙwayoyin suka daɗe cikin zafi suka yi ƙiba, da na yi lissafin Scherrer, wanda ake auna girman ƙwaya da shi daga XRD, sun fi ninki biyu na da, rutil ma ya ƙaru. Anatas ya fi zama daram ne in ƙwayar ƙarama ce, wajen nanomita 14 zuwa ƙasa, tana girma rutil ke samun galaba. Sai dai malam kar ka zubar da samfurin nan naka fa. P25, garin titaniyar nan na kamfanin Degussa wanda kamfanin Evonik ke yi yanzu, da sinadarin TiCl4 ake yin sa cikin wutar haidirojin, kusan kashi 80 anatas ne 20 rutil, kuma da shi kowa ke gwada nasa a aikin tsaftace ruwa da haske.

Mai Sirinji:
A duba allura ma. TTIP ba ya shiri da laima ko kaɗan, ranar da na bar kwalba a buɗe lokacin damina nan take ya yi fari ya daskare a bakin allura, wuta ta riƙa tsartuwa tana karkacewa, XRD ɗin ranar bai yi kama da na jiya ba sam.

Yayar Lab:
Ƙanena tambaya ɗaya, wa ya yi amfani da na'urar kafin kai? Wata biyu na yi ina fama da rutil ɗin da ban san daga ina yake ba, na canza kaurin ruwan da nake fesawa, na canza tsayin filta, har kuka na yi, daga baya na gano wanda ya riga ni alumina yake ƙonawa kuma ba a wanke tiyo ba. Alminiyom ko kaɗan ne yana tura titaniya zuwa rutil, silikon kuma akasin haka yake yi, yana riƙe anatas, shi ya sa wasu ke zuba shi da gangan. Tun ranar sai na tura zailin, ruwan narkar da sinadarai, zalla ya wanke layin kafin in kunna komai, kuma ina rubutawa a littafin lab.

Bakatsine:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Yaya, yanzu na duba littafin, alumina aka ƙona ranar Litinin kafin in fara. Gobe in sha Allah zan canza tiyo da silinda, amma ɗaya bayan ɗaya zan yi don in san wanne ne ya fi laifi. Mililita nawa na zailin kike turawa wajen wankin?