Wai ina -ent ɗin "ils parlent" yake shiga ne?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu Faransanci ku taimaka min. Wata 3 kenan ina koyo a waya, jiya ina karanta "ils parlent" (suna magana) na ce par-lan, gaɓa biyu, sai abokina ɗan Maraɗi mai atamfa a Kwari ya kwashe da dariya wai "parl" ake cewa. Haruffa uku fa aka haɗiye, kuma ai a "souvent" ana jin ƙarshen, ko tsokanata yake?

Mushe Damagaram:
Wslm. Ba tsokana ba ce ƙanena, -ent ɗin da ke bin ils ko elles a rubuce kawai yake, shi ya sa "il parle" (yana magana) da "ils parlent" duk gaɓa ɗaya ce, furuci ɗaya. Souvent kuwa ba aikatau ba ne. Muna lakwal, wato makaranta, malaminmu ya taɓa rubuta "les poules du couvent couvent" a allo ya ce a karanta, kaf ajin muka faɗi wlh, na farko ku-van ne na biyu kuv. Amma "nous parlons" gaɓa biyu ce, par-lon.

Yar Gidan Malam:
To ku kula da "il vient", mutum ɗaya ne kuma ana jin ƙarshensa ta hanci, kar a ce kowane -ent na aikatau bebe ne. Jam'insa "ils viennent", can ne n ke fitowa sosai, vyen.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. To in furucin ɗaya ne ya zan gane mutum ɗaya ne ko da yawa?

Mushe Damagaram:
A aikatau irin parler (yin magana) sai dai daga zancen, amma in aikatau ya fara da wasali s ɗin ils yana farkawa ya koma z ya manne da gaɓar gaba, "il aime" i-lem, "ils aiment" il-zem. Wasu kuma baƙin ƙarshe ke tona su, "il finit" fi-ni, "ils finissent" fi-nis. Babbar matsalarmu Hausawa dai bakinmu baya son baƙi biyu a ƙarshe sai mun cusa wasali, kamar yanda muka yi wa banki, sai kaji mutum na cewa parli ko paral, ka tsaya cak a kan l ɗin kawai.

Ɗan Fagge:
Paral ɗin nan ni ne wlh, tun safe shi nake ta faɗa. Na gode yaya, gobe zan koma Kwari in gwada masa.